Wa ke Koya wa Mai Wa'azi? Nazari a kan Wa'azin Hausa a Ikkilisiyoyin Arewa

A yawancin ikkilisiyoyin karkara na Arewacin Najeriya, wanda ke hawa bagadi ranar Lahadi ba Rabaran ba ne. Rabaran yana can babbar majami'a, ƙauyuka da dama ne a wuyansa, ba ya leƙo su sai ranar Jibin Ubangiji ko baftisma ko ɗaurin aure. Sauran Lahadin shekara suna hannun mai bishara, ko dattijon ikkilisiya, ko malamin firamare da aka ga Allah ya ba shi baki, ko wani saurayi da ya fi kowa iya karatu a ƙauyen. Su ke wa'azin safiyar Lahadi, su ja addu'ar tsakiyar mako, su tsaya a bakin kabari, su yi magana a gidan suna. Abin da talakan Kirista ya sani game da Allah, da zunubi, da gafara, da zamansa da matarsa da maƙwabcinsa, daga bakin waɗannan mutane ya ji shi. Su ne kuma na ƙarshen tunawa duk lokacin da aka tashi zancen horo.

A ECWA ne, ko COCIN, ko EYN, ko HEKAN, ko Baptist, tsarin sujadar ɗaya ne a wannan fuska. Mawaƙa su yi tasu, Zumuntar Mata ta tashi da tulu da kacau-kacau, matasa su biyo baya, a yi sanarwa, a ba da baiko, amma duk sharar fage ce. Sai shugaban sujada ya ce yanzu za a ji Maganar Allah, hayaniya ta kwanta, uwa ta lallashi ɗanta. Daga wannan lokaci duk abin da ya fito daga bakin mai wa'azi, jama'a sun ɗauke shi na Allah ne. Ba mai ɗaga hannu ya ce bai yarda ba. Saboda haka nauyin bai tsaya ga iya magana ba, ya kai ga tambayar ko abin da ake kira Maganar Allah ɗin ita ce da gaske.

Yawan ayoyi ba ya mai da wa'azi na Littafi Mai Tsarki. Akwai mai zubo ayoyi ashirin cikin rabin awa, daga Farawa har Wahayin Yahaya, jama'a na ta juya shafi har su gaji su ajiye, bai tsaya ya buɗe ko guda ba. Wanda ya fi shi yawa kuwa shi ne mai karanta aya ɗaya, ya rufe Littafin, ya ɗora tabarau a kai, daga nan sai labarin abin da ya gani a kasuwa, sai faɗa ga 'yan mata a kan sutura, sai gugar zana ga dattijon da suka saɓa da shi a majalisa. Ayar ta zama takardar izinin hawa bagadi, ba wani abu ba. Wa'azin nassi kuwa shi ne wanda saƙon da jama'a za su tafi da shi gida ya fito daga cikin wurin da aka karanta, yadda marubucin ya nufa ga mutanen da ya rubuta wa, sannan a kawo shi ga manomi da 'yar kasuwa da ɗalibin da ke zaune a benci. Faɗarsa ba wuya. Yinsa ne ba a iyawa sai an koya.

Ga misalin da duk mai zuwa taron falkaswa ko sujadar daren sabuwar shekara ya taɓa ji. Ayuba sura 8 aya 7, mai maganar ƙaramin mafari da babban ƙarshe, ana buga ta a kalanda, ana rubuta ta a jikin mota. Mai wa'azi ya ɗaga murya ya ce alkawarin Allah ne gare ka a wannan shekara, majami'a ta ɗauki Amin. To, wa ya faɗi maganar? Bildad ne, ɗaya daga cikin abokan Ayuba uku da suka zo ta'aziyya suka ɓige da tuhuma. Ayoyi uku kacal kafin wannan, Bildad ya dubi mutumin da ya rasa 'ya'ya goma a yini guda, ya nuna masa cewa alhakin zunubinsu ne ya kama su. Albarkar da yake magana a kai ma da sharaɗi ta zo, wai in Ayuba ya gyara halinsa. Haka zancen yake da sura 22 aya 28, wadda masu cewa ka furta ka karɓa suka mai da ita tasu. Bakin Elifaz ta fito, a cikin surar da ya ɗora wa Ayuba laifin da bai yi ba, har da cewa ya kori gwauraye mata hannu wofi. A sura 42 kuma Allah ya husata da Elifaz da abokansa biyu, ya ce ba su faɗi daidai game da shi ba, sai da Ayuba ya yi musu addu'a.

Ke nan mai wa'azi ya ɗebo magana daga bakin mutanen da Allah ya tsawata wa, ya miƙa wa jama'a a matsayin alkawari. Ɓarnar ba ta fitowa ranar. Sai shekara ta zagayo, matar da ta fi kowa ɗaga hannu ta ga gonarta ba ta yi ba, ɗanta kuma ya rasu, ta zauna tana lissafin wane zunubi ta yi, ko ina bangaskiyarta ta gaza. Tauhidin Bildad ke nan daidai, abin da littafin Ayuba gaba ɗaya aka rubuta don a rushe. Mai wa'azin nan ba mugu ba ne, wataƙila ma ya yi azumi kafin ya hau bagadi. Ba a dai taɓa zaunar da shi an ce masa kafin ka ɗauki aya ka duba wa ke magana ba.

Abin takaicin shi ne wa'azin Hausa da horo ya fara. Lokacin da masu mishan suka shigo, SIM daga 1893, SUM daga 1904 da tasharta ta farko a Wase, gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita musu shiga masarautun Musulmi, sai ƙarfin aikinsu ya koma duwatsun Filato, da kudancin Zariya, da ƙasar Tangale, da gaɓar Binuwai da Gongola. Can suka tarar da harsuna barkatai, kowane tsauni da nasa. Hausa ce harshen kasuwa da ke haɗa su, ita aka ɗauka. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito, aikin da Likita Walter Miller na CMS, mutumin Zariya da Wusasa, ya kasance jigonsa. A wannan zamani ne makarantu suka fara tasowa: Kagoro a farkon shekarun 1930, Gindiri a 1934, Igbaja a ƙasar Yarabawa a 1941. Baberome da Batarok da Bangas da mutumin Bajju suka zauna aji ɗaya, da Littafi ɗaya, cikin harshen da ba na uwar ɗayansu ba.

Tsarin waɗannan makarantu ya cancanci a tsaya a kansa. Ɗalibi yakan zo da matarsa da 'ya'yansa, a ba shi ɗaki da gona. Ya yi karatu, ya yi noma, ya ci daga guminsa. Matar tana da nata aji, ta koyi karatu da rubutu da labarun Littafi Mai Tsarki da kula da gida. Ƙarshen mako a tura ɗalibai ƙauyukan kewaye su yi wa'azi, su dawo su ba da labari. In ya gama, ya koma ya kafa bukka a inda babu Kirista ko ɗaya, ya yi noma kamar kowa, da yamma ya tara yara yana koya musu baƙaƙe. Irin waɗannan mutane ne ƙungiyar bishara ta 'yan ƙasa da aka kafa a 1948, wadda daga baya ta zama EMS, ta riƙa aikawa nesa da gida, har cikin Maguzawan Kano da Katsina da ƙetaren iyaka. A Nijar ma, inda SIM ta sauka Zinder a 1924, da Hausa aka horar da masu bishara na ƙasar Maraɗi.

Ƙarfin mutanen wancan zamani shi ne littafi ɗaya gare su, sun kuma san shi ciki da bai. Sun haddace ayoyi, sun iya ba da labarin Yusufu ko na Iliya har yaro ya manta da yunwa. Amma ba daidai ba ne a mai da zamanin tamkar babu aibu. Karatun da aka ba su gajere ne, kuma da gangan aka gajarta shi, don masu mishan da yawa suna tsoron kada ilimi mai zurfi ya sa ɗan ƙasa girman kai ko ya ja shi aikin gwamnati. Sai a 1938 SUM ta naɗa fastocinta na farko a Filato, Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot, shekara 34 bayan saukar Wase. Wa'azin ma ya karkata ga jerin hani: kada giya, kada taba, kada rawa, kada mace ta biyu. Har yau akwai majami'un da Kirista zai tsufa a ciki ya san duk abin da aka hana, bai taɓa jin an buɗe masa wasiƙar Romawa ko ta Galatiyawa daga farko zuwa ƙarshe ba.

Da ikkilisiyoyi suka tsaya da ƙafafunsu, ECWA a 1954, tarayyar da ake kira TEKAN yanzu a 1955, sai aka ga lallai a ɗaga karatun. Makarantar tauhidi ta TCNN ta buɗe a 1959, ta fara a Gindiri kafin ta koma Bukuru. Makarantar JETS ta zo a Jos a 1980. Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya bi ta Igbaja ya yi karatu a Landan da Amurka, ya riƙe sakatarcin ECWA, daga baya ya riƙe na ƙungiyar masu bishara ta Afirka, ya kwashe ƙarshen rayuwarsa yana gargaɗin cewa ikkilisiyar Afirka tana yaɗuwa amma tauhidinta bai yi zurfi ba. Ya rasu a teku a Mombasa a 1975 yana da shekara 39. Gargaɗinsa ya yi amfani. Yau Arewa tana da masu digirin digirgir a tauhidi, masu karanta Helenanci da Ibrananci, waɗanda littattafansu ke zagaya duniya.

Sai dai tsanin da aka kafa, Turanci ne a samansa, Hausa a matakin ƙasa. Makarantun Littafi Mai Tsarki na Hausa suna nan, amma kowa ya san yadda ake kallonsu: wurin wanda bai samu takardar sakandare ba. Wanda ya fito daga can ƙauye za a tura shi da ɗan alawus, mai digiri kuwa idonsa na kan sujadar Turanci a birni. Ɗakin karatun babbar makaranta cike yake da littattafan Turanci. Ɗalibi ya koyi ƙa'idodin fassarar nassi da Turanci, ya rubuta wa'azin jarrabawa da Turanci, ranar da aka tura shi aiki ya tarar da majami'ar da ba ta jin komai sai Hausa. Tunani yake da harshen uwarsa, karatu ya yi da Turanci, ga shi zai yi magana da Hausa, sau da yawa kuma babu malamin da ya taɓa sauraron wa'azinsa da Hausar ya gyara masa. Shi ya sa za ka ji saurayi mai ilimi a bagadi yana jefa kalmomin Turanci a kowace jimla, yana waiwayen jama'a su ba shi Hausar. Littattafan taimako da Hausa kuwa ba su taka kara sun karya ba. Sharhin Littafi Mai Tsarki na Afirka, wanda masana saba'in suka rubuta ƙarƙashin Tokunboh Adeyemo ya fito a 2006, an juya shi zuwa Hausa, babban aiki ne ƙwarai, amma bai kai hannun yawancin masu bisharar ƙauye ba.

Giɓin da makaranta ta bari, waya ta cike shi. Mai bisharar da ya yini a gona ranar Asabar, da dare ya kunna wa'azin wani mashahurin mai wa'azin Legas ko na ƙasar waje da aka turo masa ta WhatsApp, ya kwashe taken, ya kwashe ihun, har da yadda ake zagaya bagadi da hankici a hannu. Gari na wayewa ya juye wa mutanensa. Koyarwar da magabatansa ba za su bari ta taka ƙofar majami'a ba, ta shigo ta aljihunsa.

Akwai masu cewa duk wannan zancen horo na jiki ne. Za ka ji ana cewa Ruhu Mai Tsarki shi ne malami, Bitrus masunci ne bai shiga aji ba, wane ya tafi makarantar tauhidi da wuta ya dawo da toka. Maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Kowa ya taɓa zama ƙarƙashin mai digirin da ya karanto wa jama'a lacca, yana ta ambaton abin da kalmar take nufi da Helenanci, tsofaffi na gyangyaɗi. Takardar shaida ba ta taɓa yin wa'azi ba. Amma hujjar masuncin ba ta tsaya ba ko a cikin Littafin da ake kafa ta da shi. Masuntan nan sun yi kusan shekara uku suna bin Yesu dare da rana, ana aikensu, suna dawowa ana gyara musu. Afolos na Iskandariya, wanda Ayyukan Manzanni sura 18 ta yaba wa iya magana da sanin Littattafai da zafin ruhu, sai da Akila da matarsa Biriskila suka ja shi gefe a Afisa suka ƙara masa bayani, bai kuwa ce shafewarsa ta ishe shi ba. Bulus ya umarci Timoti ya danƙa abin da ya koya ga amintattun mutane da za su iya koya wa wasu. A Nehemiya sura 8, da Ezra ya karanta Shari'a, Lawiyawa ne suka shiga cikin taron suna bayyana ma'ana har jama'a suka gane. Kira daban, iyawa daban. A tasha ma ba a miƙa wa yaron mota sitiyari ranar da ya zo, komai son da yake wa tuƙi, domin ba shi kaɗai ne a cikin motar ba.

Wani abu da mai wa'azin Hausa ya kamata ya lura da shi shi ne kunnen da yake magana da shi. Ƙasar nan ta san tafsiri. Duk watan azumi, mai jan baki ya jawo aya, malam ya fassara ya yi bayani, a wuce ta gaba, sura bayan sura, shekara bayan shekara. Tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello na Kaduna ya shiga gidaje ta rediyo shekaru da dama, ba na Musulmi kaɗai ba. Mutumin Arewa, ko wane addini yake bi, ya saba da ganin malami yana bin littafinsa daki-daki, ya kuma saba da tambayar a wurin wa wane ya yi karatu. Kiristan da ke zaune a Funtuwa ko Malumfashi, maƙwabcinsa zai tambaye shi a kan Triniti, ko a kan mutuwar Almasihu, ko dalilin da ya sa Linjila ta zama huɗu. In abin da yake samu ranar Lahadi ihu ne da alkawarin mota, ba shi da ta cewa, sai dai ya yi fushi ko ya yi shiru.

To, mene ne horon yake yi wa mutum? A je ga ajin da aka tsara da kyau. Masu bishara da dattawa suna zaune a benci, kowa da Littafinsa, malami ya ce a buɗe Irmiya sura 29. Nan take ido ya tafi aya 11, ta shirin alheri da kyakkyawar makoma, wadda kowa ya ja wa layi da biro. Malam ya hana a taɓa ta. A karanta surar duka da ƙarfi, a sake. Sannan tambayoyi, waɗanda yaro ma zai iya amsawa in ya duba: wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, suna ina? Sai a ga ashe wasiƙa ce daga Urushalima zuwa ga kamammun da aka kwashe zuwa Babila. Me aka ce su yi? Su gina gidaje, su dasa lambuna, su yi aure su aurar, su nemi zaman lafiyar birnin da ya cinye su da yaƙi, su yi masa addu'a. Har yaushe? Shekara saba'in. A nan aji yakan yi tsit, don kowa ya iya lissafi: yawancin waɗanda aka karanta wa wasiƙar a Babila za a binne su. Sai malam ya ce a koma sura 28, inda wani annabi mai suna Hananiya ya yi wa jama'a albishir cewa cikin shekara biyu komai zai dawo, Irmiya ya ƙaryata shi, bai kuwa ga ƙarshen shekarar ba. Daga nan tambayar da ta rage ita ce: Baba, wa'azin da muka saba yi da aya 11, na Irmiya ne ko na Hananiya?

Ba a buƙaci Ibrananci ba, ba a buƙaci Turanci ba. Littafin Hausar da ke hannunsu ya isa. Abin da ya rage shi ne kowa ya faɗi saƙon surar a jimla ɗaya, ya tsara yadda zai kai shi ga mutanensa, ya tashi ya yi wa'azin minti goma a gaban 'yan'uwansa, su kuma su gaya masa inda ya bar nassi ya kama gabansa. Wannan mataki na ƙarshe ya fi kowanne ɗaci, don a al'adarmu ba a gyara wa babba a bainar jama'a, mai wa'azi kuma ya saba da jin sannu da aiki kawai a bakin ƙofa. Amma shi ne ke gyara mutum. Irin wannan tsari ne shirin wa'azi na Langham, wanda ya samo asali daga John Stott na Ingila, yake bi a Najeriya da wasu ƙasashe: ɗan gajeren taro, sannan ƙananan ƙungiyoyi da ke ci gaba da haɗuwa a yankunansu. Kafin shi akwai karatun tauhidi daga gida, wanda aka faro a Guatemala a 1963, inda malami ke bin ɗalibi maimakon ɗalibi ya bar gona da iyali. Mu ma nan muna da shaidar cewa ana iyawa: shirin Sabon Rai Don Kowa, da ya taso a shekarun 1960, ya koya wa dubban talakawan ikkilisiya yin shaida da ɗan littafi na Hausa da ƙungiyoyin addu'a.

Inda rashin horo ya fi tsada shi ne bakin kabari. Shekarun nan, mai wa'azin Filato, da na kudancin Kaduna, da na kudancin Borno da arewacin Adamawa, ya sha tsayawa a gaban rami ɗaya mai gawa da yawa. A ƙarshen Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka mamaye Kwarhi, hedkwatar EYN, inda makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp take, malamai da ɗalibai suka watse cikin daji. Mutumin da zai yi magana a irin wannan rana, matasa na tsaye a baya idanunsu jajur, kalma ɗaya tasa na iya kashe wuta ko ta hura ta. Wani zai jawo Luka 22 aya 36, ta sayar da riga a sayi takobi, ya tsaya nan. Bai kai jama'a ƙasa kaɗan ba, inda a daren nan ɗaya daga cikin almajiran ya sare kunnen bawan babban firist, Yesu ya tsawata, ya taɓa kunnen ya warkar. Batun kare kai babban batu ne, Kiristoci masu tsoron Allah sun saɓa a kansa, ba kuma ni zan yanke shi a nan ba. Amma rabin aya ba ta isa ta yanke shi ba, balle a bakin kabari. Wani kuma kishiyar wannan yake yi, ya hana gwauruwa kuka, wai kuka rashin bangaskiya ne, a yi haƙuri a tashi. Shi bai san cewa Littafin da ke hannunsa yana da Makoki sura biyar ba, da Habakuk mai yi wa Allah ƙorafi a kan zalunci, da Zabura 88 wadda ta ƙare ba tare da an ga haske ba. Mai makoki yana da wurin zama a cikin Littafi Mai Tsarki, sai dai in mai wa'azinsa bai san hanyar wurin ba. Wasiƙar Irmiya ɗin nan ma, wa ya fi buƙatarta yadda take fiye da wanda ke zaune a sansanin gudun hijira shekara da shekaru?

Zancen kuɗi bai buƙatar dogon bayani. Malachi sura 3 ta sha wahala a hannunmu, duk wata sai an tayar da ita, ba a ambaton cewa surorin farko na littafin firistoci suke tuhuma, ko cewa a Shari'a baƙo da maraya da gwauruwa suna da rabo a zakka. Mai bisharar da alawus ɗinsa ya dogara ga baikon ranar, jarabar a kusa take da shi, kuma laifin bai tsaya a kansa shi kaɗai ba.

Mata kuwa, ko ɗarika ta yarda su hau bagadi ko ba ta yarda ba, koyarwa suna yin ta. Zumuntar Mata ta fi kowace ƙungiya yawa da ƙarfi a majami'un Arewa, tana taruwa duk mako, ana buɗe Littafi, wata ta yi bayani. Malaman Makarantar Lahadi ma mata ne da yawa. Magabata sun ba matar mai bishara aji tun a Gindiri. Yau sau nawa ake kiran shugabar zumunta taron koyon buɗe nassi?

A ganina matsalar ba ta rashin makarantu ba ce, Arewa tana da su fiye da kowane lokaci. Horon ne ya taru a sama, da Turanci, a birni, ya bar mai wa'azin Hausa da waya a hannu. Gyaran kuma bai fi ƙarfin gunduma ba. Rabaran mai digiri da ke da ƙauyuka a ƙarƙashinsa zai iya tara masu bishararsa da dattawa da shugabannin mata sau ɗaya a wata, su buɗe sura guda tare, wani ya yi wa'azi a gyara masa. Makarantun tauhidi za su iya ƙin sallamar ɗalibin da zai yi aiki a Arewa sai ya yi wa'azi da Hausa a gaban malami. Masananmu da ke rubutu da Turanci don a karanta su a waje, kowannensu ya ci bashin ɗan ƙaramin sharhi guda da Hausa, mai arahar da mai bishara zai iya saya.

Dattawan da za ku zauna a kan kasafin baɗi, kafin ku sa hannu a kuɗin tayil da sabon janareta da lasifika, ku tambayi mai bishararku yaushe rabon da wani ya zauna da shi a kan Littafi, ya saurari wa'azinsa ya gyara masa. In ya ce tun da ya bar makaranta, ko ya ce bai taɓa ba, ku fara ware kuɗin motarsa da na littafinsa.